Yadda Injiniya Ya Sa Shago a Aljihu

Duk layin babu wanda zai iya tuna ranar da aka fara kiransa Injiniya, amma kowa ya san wanda ya raɗa masa sunan: shi ne da kansa. Ko tocila bai taɓa gyarawa ta kama ba. Amma ka ɗauko zancen jirgin sama, ko ciwon ƙoda, ko haƙar rijiya, kafin ka rufe baki ya karɓe zancen ya ce, "Ai wannan fannina ne." Mutumin kirki ne fa, ba ya faɗa, ba ya zagi. Bakin ne kawai ya yi wa hannun nisa.

Shagon da yake zama na yayarsa ne. Ɗan ɗaki ne mai ƙofar gilashi, da kwamfuta ɗaya, da firinta, da fanka mai tsayuwa, ana buga wa mutane takardu da hotuna. Yaya ce ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma ita ce ta gaji da jin an sallame shi daga wurin aiki. Ranar da ta miƙa masa mukullin shagon ba ta saki nan da nan ba, sai ta riƙe ɗaya gefen.

"Auta, kalle ni nan. Mukullin nan aro ne. Da shi matarka da yaranka za su ci abinci. Ka sake yi mini ɓarna irin wadda ka saba, in karɓe abina, ko birgima za ka yi a ƙasa."

"Haba Yaya, ki daina ce mini Auta a gaban mutane mana."

"To me zan ce? Injiniya? Injin me ka ƙera?"

A duniya babu wanda Injiniya yake tsoro kamar matar nan, kuma da gaske ya yi niyyar riƙe amana. Abin da ya hana shi sakat benci ne. A tsallaken titi, ƙofar shagon Mai Aski, akwai wani dogon benci da ake taruwa ana hira. Ta gilashi yake hango su suna gardama, suna ɗaga hannu, ba wanda zai gyara musu kuskure. Wannan abu yana ci masa rai ƙwarai.

Sai wata rana ya tsallako titi yana tafiya a hankali, waya a hannu, ya tsaya a gaban bencin.

"Jama'a, ku matsa mini. Daga yau shagona yana aljihuna."

Mai Aski ya dube shi ta madubi. "Shagon Yaya dai."

"Kai dai yi askinka. Akwai wata manhaja da na saka a kwamfutar, na saka 'yar'uwarta a wayata. Duk inda nake a duniya, in na taɓa nan, can ta amsa. Ku kalli shagon."

Aka juya ana kallo. Ya shafa fuskar wayar, sai ga kibiyar kwamfutar can cikin shago tana yawo ita kaɗai, ba kowa a kujera. Baba Maigadi, dattijon da yake gadin layin tun kafin a haifi rabin masu shagunan, ya ja da baya yana salati. Mai Walda ya ɗaga baƙin tabaransa ya sake kallo. A gaskiya abin ya burge. Da Injiniya ya tsaya nan, da labarin ya ƙare lafiya. Amma daɗin yabo ya ɗebe shi, ya karɓi wayar Mai Aski ya saka masa manhajar, ya karɓi ta Mai Walda ya saka masa, don su shaida cewa ko da wayar wa yana iya shiga.

Ba a jima ba fuskar wayarsa ta yi baƙi. Ashe kwamfutar, in an bar ta shiru, barci take yi, in ta yi barci kuma ba ta jin kira. Injiniya ya tsallaka da gudu ya taɓa ta, ya dawo ya zauna. Yana tsakiyar bayanin yadda ake tuƙa jirgin ruwa ta sake yin barci. Ya sake tsallakawa. Ranar nan har masu babur suka gane shi, suna hango shi suna danna hon.

"Injiniya," in ji Mai Walda, "wannan aikin daga nesa ai ya fi na kusa cin takalmi."

"Gwaji nake yi. Ku ba ku san gwaji ba."

Washegari ya zo da maganin abin. Ya samo zare ya ɗaure maus, ɗan abin nan da ake motsa kibiyar da shi, ya ɗaura ɗaya bakin a kan fankar, ya sa ta juyawa hagu da dama. Fanka ta juya, ta ja maus, kibiya ta motsa, kwamfuta ba ta ƙara barci ba. Sai dai kibiyar ma ba ta ƙara tsayuwa ba. In zai danna abu sai ya yi kwanto, ya jira ta zo wucewa ya cafke. Wata malama ta zo a buga mata takardar neman aiki, ta tashi da hoton wani jariri har kwafi uku. Injiniya ya ce mata laifin sabis ne.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗora firintar a kan wata gajeriyar kujera daf da ƙofa, ya karkata bakinta ƙasa, yadda takarda in ta fito za ta zame ta ƙarƙashin ƙofar ta faɗo waje. Shi ke nan, ba sai an buɗe shago ba ma. Ya shiga da safe ya kunna kaya, ya fito ya datse kwaɗo, ya tsallaka benci. Mai takarda ya tsaya a bakin ƙofa, Injiniya ya ƙwala masa kira daga tsallake: "Duba ƙafarka, ga ta nan tafe!"

Ana cikin haka ne Mai Aski, yana zaune ba kowa a kujerarsa, ya buɗe manhajar a tasa wayar. Ta tambaye shi kalmar sirri. Ya yi ɗan tunani, ya rubuta Injiniya. Ta buɗe.

Dariyar da aka yi a bencin nan har mai sayar da taya na ƙarshen layi sai da ya leƙo. Injiniya ya ji kunya, kuma can ƙasan kunyar ya ji tsoro, don ya hango fuskar Yaya in ta ji cewa kowane mai waya yana iya shiga shagonta. Amma ya daure ya gyara wuyan riga.

"Tarko na ɗana, na ga wanda zai faɗa. Yanzu za ku ga tsaro."

Ga dabarar da ya yi. Ya ƙirƙiro wata doguwar kalma, ya yanka ta gida uku. Zai ba mutum uku, kowa ya riƙe nasa yankin a ka, shi kuma ya wanke ta daga kansa gaba ɗaya. Wayarsa ai tana riƙe da ita, ba ta sake tambaya. In ɓarawo ya kama shi, ko dukansa zai yi ba abin da zai samu. In ya kama ɗaya daga cikin ukun, guntu ya samu.

Ya fara jan Baba Maigadi gefe ya raɗa masa nasa. Baba ya maimaita har ya zauna masa, sannan ya tambaya, "To ɗana, a cikin ukun nawa ne na nawa?"

Injiniya ya kalli furfurar dattijon. Ina zai iya ce wa wannan mutum shi ne a baya?

"Haba Baba, ana ga ka wa zai shiga gaba? Naka ne na farko."

Baba ya ji daɗi har ya dafa kansa ya sa masa albarka. Da ya je wa Mai Aski, shi ma tambayar da ya yi ke nan, ya ƙara da cewa, "Ka tuna dai a bencin wa kake wuni." Injiniya ya ce, "Naka ne na farko, amma kar ka faɗa wa Baba, ka san tsofaffi." Mai Walda bai ma yi tambaya ba. Ya dai ajiye guduma ya naɗe hannuwa yana kallonsa, Injiniya ya kalli damatsan nan ya ce, "Na farko ne."

Kwanaki suka yi ta tafiya. Mutum uku suna yawo a layi ɗaya, kowa yana yi wa sauran kallon tausayi. Shi kuwa Injiniya ya cika alkawarin da ya ɗaukar wa kansa, abin da bai cika yi ba: ya manta kalmar tas.

Ranar da abin zai faru, da hantsi, yana kan benci yana koya wa mutane yadda ake kama kada, sai Mai Aski ya taɓa shi da gwiwar hannu. Yaya ce tsaye a ƙofar shagonta, jaka a hammata, tana kallon kwaɗo. Jiya-jiya ta aiko da katan ɗin takarda sabo, ta zo ta ga yadda aiki yake tafiya. Ta juyo a hankali, idonta ya sauka a kansa. Ta tsallako.

"Auta. Rana tsaka, shago a kulle?"

"A buɗe yake, Yaya. Idonki ne yake ganin kwaɗo. Zauna ki ga ci gaba."

"Ba zan zauna ba."

Ya nuna mata wayar, ya yi bayanin manhaja, ya yi na fanka, ya yi na ƙarƙashin ƙofa. Yaya ta saurara har ya gama. Sai ta ce, "In wayar ta faɗi, wani ya tsinta fa?"

Nan ne Injiniya ya ga damarsa. "Yawwa! Tambayar da nake jira ke nan. Bari ki ga tsaro da idonki." Ya danna ya fita daga manhajar gaba ɗaya, ya sake buɗewa. Ta tambayi kalmar sirri. Ya ɗaga wayar sama kowa ya gani. "Kin gani? Ni kaina ban san ta ba."

"Kai kanka ba ka san ta ba," Yaya ta maimaita.

"Ko yanka ni za a yi. A kira mini Baba da Mai Walda."

Aka kira su. Mutane suka fara taruwa, don a layin nan in aka ga Yaya tsaye Injiniya yana gumi, an san akwai kallo. Mai Aski ya bar wani bawan Allah a kujera da rabin kai a aske ya fito da kilifa a hannu. Injiniya ya tsaya a tsakiya ya ce, "To, na farko ya matso ya raɗa mini."

Mutum uku suka tako gaba tare.

Suka tsaya. Suka kalli juna. Sannan suka kalle shi.

"Yara, ku ja baya," in ji Baba. "Na farko aka ce."

"Baba, da girmanka, amma wannan karon ni ne," in ji Mai Aski.

"Ku biyun duk ku huta," in ji Mai Walda.

Injiniya ya laluba cikin kansa ko zai tarar da wani abu, ya tarar wankin ya fita sosai. "Ai... wato... tsarin ne haka. Kowa na farko ne ta wani ɓangaren."

"Ta wane ɓangaren?" in ji Yaya.

Ya ce a fara da Baba, saboda girma. Baba ya raɗa, Mai Aski ya raɗa yana ƙunƙuni, Mai Walda ya raɗa kamar zai cije masa kunne. Waya ta ce ba daidai ba. Aka fara da Mai Aski. Waya ta ce ba daidai ba, ta ƙara da jan rubutu cewa in aka sake kuskure za ta rufe ƙofar. Daga nan raɗa ta ƙare. Kowa ya shiga ɗaga murya yana kare nasa.

"Giwa huɗu ce a gaba! Da bakinsa ya faɗa mini!" in ji Mai Aski.

"Tsawa tara! Ina aka taɓa sa tsawa a baya?" in ji Mai Walda.

"Kunkuru bakwai," in ji Baba yana buga sandarsa a ƙasa. "Kunkuru bakwai, kuma har albarka na sa masa!"

Mai taya ya maimaita wa na bayansa, na bayansa ya maimaita wa masu babur. Kafin ka ce me, sirrin da aka yanka gida uku don kar mutum ɗaya ya sani, duk layin ya haddace shi.

Injiniya ya rubuta na Mai Walda, ya bi da na Mai Aski, ya rufe da na Baba. Ya runtse ido ya danna. Ta buɗe.

"Kun gani!" ya yi ihu. "Tsaro ke nan!"

Ba wanda ya taya shi murna sai Mai Walda. Mai Aski ya ce, "Wato ni ne a tsakiya, kamar wanda aka ɗauka a babur." Baba kuwa bai yi faɗa ba. Ya dubi Injiniya ya ce a hankali, "Ashe ni ne na ƙarshe, ɗana." Maganar ta soki Injiniya fiye da duk ihun da aka yi, amma bai samu sararin ba da haƙuri ba, don Yaya ta riga ta leƙo ta kafaɗarsa tana kallon fuskar wayar.

Abin da ya bari a buɗe a kwamfutar tun safe shi ne ya cika fuskar. Sabon allon shago ne yake tsarawa a ɓoye. Ga hotonsa cikin kwat ɗin aro, ya harɗe hannuwa, ya ɗaga haɓa. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: INJINIYA DA 'YA'YANSA. A ƙasa: Mai Shago Kuma Shugaba. Sunan Yaya, wanda yake kan tsohon allon, ko alamarsa babu.

"Mene ne wannan, Auta?"

"Gwaji ne, Yaya! Bari in rufe!"

Ya kai yatsa zai rufe, fanka ta juya, kibiya ta zame, ya danna wurin bugawa. Mai Walda, wanda yanzu yake ji da kansa a matsayin na farko, ya ce, "Bari in taimaka," ya zaro tasa wayar ya shiga. Yatsansa ɗaya ya kai faɗin cokali. Ya dafe wurin da ake sa yawan kwafi, lambobi suka yi ta hawa. Mai Aski ya ce in dai Mai Walda zai shiga shi ma ba za a bar shi a baya ba, ya shiga. Yanzu kibiya ɗaya, mutum uku suna ja, fanka ta huɗu. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta yi rawa a tsakiya, sannan wani a cikinsu, har yau ba a san ko wane ne ba, ya danna amincewa.

Can tsallaken titi firinta ta yi gyaran murya.

Takarda ta farko ta zamo ta ƙarƙashin ƙofa. Ta biyu ta biyo ta. Daga nan suka ɓalle. Iskar fankar tana tura su, ta titi tana kwasa. Fuskar Injiniya ta bazu a layi: a kan taya, a cikin kwata, a gilashin wata mota da ta tsaya tana hon. Ɗaya ta manne a ƙirjin mai rabin aski, wanda ya fito da ƙyalle a wuya yana tambayar wa zai ƙarasa masa kansa. Mutane suna tsinta suna karantawa da ƙarfi. "Mai Shago Kuma Shugaba!" Wani ya ce kwat ɗin ma tasa ce, shi ya ara wa Injiniya.

"Takardata!" in ji Yaya. "Buɗe shagon nan! Kawo mukulli!"

Injiniya ya tsallaka a guje, jama'a a bayansa. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya zazzage na riga. Sai Mai Aski ya manna goshi a gilashi ya nuna da kilifa. Ga mukullin can a kan tebur, kusa da kwamfuta, inda ya ajiye shi da safe kafin ya fito ya datse kwaɗon.

"Wannan ma," in ji Injiniya da wata siririyar murya, "yana cikin tsaron."

Yaya ba ta ko kalle shi ba. Ta zagaya gefen ginin inda mita take, ta ja makunnin ƙasa. Firinta ta tsaya da rabin fuskarsa a bakinta. Fanka ta yi juyi ɗaya ta sunkuyar da kai. Layin ya yi tsit, sai takardu da suke ta shawagi.

Mai Walda ya ɗauko zarto ya yanke kwaɗon, yana yi yana tuna wa mutane cewa shi ne na farko. Yaya ta shiga. Ta tsinke zaren da ke jikin fanka, ta dubi katan ɗin takardarta, ta ɗauki mukullin daga kan tebur, duk da kwaɗonsa ya riga ya mutu. Ta aika aka sayo sabon kwaɗo, ta zare mukullansa duka ta jefa a jaka. Sannan ta sunkuya ta ɗauki takarda ɗaya daga ƙasa, ta daɗe tana kallo.

"Takardar da ka ɓata ba ta dame ni ba, Auta. A bayana ka yi wayo. Duk faɗin allon nan ka rasa inda za ka sa ni, ko a can ƙasa?"

Karon farko tun da aka san shi a layin, Injiniya ya so ya ce wannan fanninsa ne, ya ga ba fanninsa ba ne.

"Matarka za ta zo ta zauna a shagon daga gobe," in ji Yaya. "Yaranka ba za su kwana da yunwa saboda kai ba. Kai kuwa, ƙafarka ta taka bakin ƙofar nan, sai na karya ta. Tsince fuskarka daga titin mutane."

Har rana ta yi sanyi yana bin layi yana tsintar kansa.

Washegari ya yi wanka ya sa riga mai guga ya fito kamar kullum. Ta gilashi ya hango matarsa a kujerarsa, Yaya tsaye a kanta tana nuna mata wani abu. Ya nufi benci. Mai Aski ya miƙe ƙafa ya cike gurbin da ya rage. Baba ya juya masa ƙeya. Injiniya ya ja gefe ya tsaya jikin turken wuta, hannu a aljihu.

Wani mai babur ya rage gudu, da hoton jiya manne a gaban babur ɗinsa. "Shugaba! Yaya aikin daga nesa?"

Injiniya ya kalli shagon, ya gyara wuyan riga.

"Ai yanzu ne ma ya kai inda nake so," ya ce. "Ko kusa da shi ba na zuwa."